Ƙashi ake fara koya kafin fata

Ga wasiƙar da ta iso mana wannan makon daga wata ɗaliba a cikin birnin Kano:

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 20, ina aji biyu a sashen zane-zane na wata babbar makaranta a nan Kano. Tun ina firamare zane ne abin da na fi so a rayuwata. A wannan zangon aka fara mana darasin zanen mutum ido da ido. Ana kawo wani bawan Allah ya zauna a tsakiyar aji daga shi sai singileti da gajeren wando, wani lokacin ma a ce ya cire singiletin, mu kuma mu kewaye shi muna zanawa. Wallahi Anti ba na iya ɗaga kai. Sai in saci kallo sau ɗaya, in sunkuya in ƙarasa sauran da ka. Malaminmu ya ce mutanen da nake zanawa kamar muciya suke, kuma in ban koyi ƙirar jikin ɗan Adam ba sai na maimaita kwas ɗin. A gida kuma Abba abin da ya sani shi ne zanen atamfa da adon gini nake karantawa. Shekaranjiya Yayana ya buɗe littafin zanena ya gani, ya ce sai ya faɗa masa. Ga wata ƙawata da ta ce duk mai zana mutum ya shiga uku ranar lahira. Na rasa tudun dafawa. In haƙura da karatun ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Kada ki bar karatun nan a kan wannan. Na fara da haka ne don hankalinki ya kwanta ki iya karanta sauran. Abubuwa uku ne suka cukurkuɗe miki wuri guda, kunyar aji da shakkar hukunci da sirrin da kika riƙe wa mahaifinki, kin ɗaure su a ƙulli ɗaya kin ɗora a ka, dole wuya ya ƙage. A kwance ƙullin tukuna.

Kunyar da kike ji ba cuta ba ce balle a nema mata magani. Yarinyar da ta tashi a gidan da ba a haɗa ido da babba, a ce rana ɗaya ta ƙura wa ƙaton namiji ido na awa biyu ko uku, ai da ba ki ji komai ba shi ne abin tambaya. Ayar runtse ido tana nan a Suratun Nur, ta 30 ga maza, ta 31 ga mata. Duk wanda ya ce miki ƙauyanci ne, ki bar shi da faɗarsa. Amma akwai inda kika yi wa al'amarin gurguwar fahimta, kuma nan ne nake so mu daɗe. Kin ɗauka ilimin da malaminki yake nema yana kan fatar mutumin da ke zaune a tsakiyar aji, wato wanda ya fi kowa kallo shi zai fi kowa iyawa. Ba haka ba ne. Na yi shekaru ina koyar da zane a makarantar 'yan mata, na ga masu kallo har idonsu ya yi ja, su tashi da zanen da ya yi kama da buhun gero da aka liƙa wa hannuwa. Ido ba ya ganin abin da kai bai sani ba. Wanda bai san akwai allon kafaɗa a ƙarƙashin fata ba, ko wuni ya yi yana kallon bayan mutum, inuwa kawai zai gani. Wanda kuwa ya san ƙashin, kallo biyu ya ishe shi, ko da mutumin yana cikin riga.

To ilimin ƙashi ba ya bukatar ki kalli tsiraicin kowa.

Jikin baligi ƙasusuwa 206 ne. Kada adadin ya razana ki, fiye da rabinsu suna tafin hannu da yatsu da sawu: kowane hannu daga wuyansa zuwa kan yatsu 27, kowace ƙafa daga idon sawu zuwa ƙasa 26. Ke kuma ba likita za ki zama ba, ba wanda zai titsiye ki kan sunayensu na Latin. Abin da mai zane yake fara riƙewa manyan dunƙule uku ne. Ƙoƙon kai. Haƙarƙari, guda 12 a kowane gefe, waɗanda suka haɗu suka yi kamar akurkin kaji da aka kifa, sama a tsuke ƙasa a buɗe. Sai ƙashin ƙugu, wanda yake kamar tasa da aka ɗan karkato gaba. Waɗannan ukun kowanne tauri gare shi, kusan ba ya sauya siffa. Ƙashin baya ne ya tsire su kamar carbi, kuma shi ba miƙaƙƙe ba ne, yana lanƙwasa ciki a wuya, ya fito waje a doron baya, ya sake komawa ciki a kwankwaso. Tsakanin haƙarƙari da ƙugu akwai gaɓoɓin ƙashin baya 5 da nama zalla, a wuya kuma akwai 7. A waɗannan wurare biyu ne za ki fi ganin jiki yana karya da miƙewa. Dalilin da ya sa mutanenki suke fitowa kamar muciya shi ne kina jan layi ɗaya daga kafaɗa har cinya kamar allo guda. Ki gwada daga yau: kafin ki zana komai na waje, ki fara ajiye dunƙulen nan uku da fensir mara nauyi, ki tambayi kanki ina kowanne ya fuskanta. Ƙirji ya juya dama, ƙugu yana kallon gaba, kai ya karkata hagu. Daga nan rai yake shiga zane.

Littafin farko da za ki karanta kuwa kina tafe da shi. Yau idan kin idar da alwalar magariba, kafin ki tashi daga kan 'yar kujerar, ki bi wuraren da kika wanke da yatsa a hankali. Ki shafa gefen kwarmin ido, ki ji yadda ƙashin goshi ya yi masa rumfa. Ki sauko kan ƙashin kunci. Ki ɗora yatsa dab da gaban kunne, ki buɗe baki ki rufe, za ki ji mahaɗin muƙamuƙi yana motsi, shi kaɗai ne ke motsi a duk fuskar. Ki kama tsinin gwiwar hannunki, ki bi shi da yatsa har ƙasa: ƙashi ɗaya ne kwance a ƙarƙashin fata tun daga gwiwar har zuwa ɗan tudun nan na wuyan hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Yanzu ki buɗe tafin hannu sama kamar mai addu'a, sannan ki kifa shi. Abin da ya faru shi ne ƙashi na biyu, na ɓangaren babban yatsa, ya hau kan na farko ya gicciye shi. Shi ya sa siffar damtse take sauyawa gaba ɗaya tsakanin hannun da ke roƙo da hannun da ke rubutu, kuma nan ne ɗalibai da yawa suke faɗuwa. Ki sauka ƙafa. Ki taɓa idon sawu na ciki da na waje tare, za ki ji na ciki ya fi na waje bisa. Ƙaramin abu ne, amma duk zanen ƙafar da aka daidaita su a layi ɗaya sai ya fito kamar ƙafar gado. Sau biyar a rana hannunki yake bi ta waɗannan wurare tun kina ƙarama, yau ne kawai za ki kula.

Littafi na biyu yana kicin. Ni a wurin aikin naman layya na fara gane kafaɗa, bayan na sha kallonta a takarda ba ta shiga kaina ba. Mahauci ya rataye ragon, ya ɗaga hannun gaba, ya zura wuƙa ta hammata, sai ga hannun ya rabu da jiki gaba ɗaya ba gatari ba sara. Na tsaya ina mamaki, ina mahaɗin? Ashe babu. Allon kafaɗar rago nama ne kawai ya riƙe shi a jikin haƙarƙari. Na ɗauki allon bayan an dafa an cinye, na wanke shi na shanya, fale-fale mai kusurwa uku da ɗan tudu a bayansa, ya yi shekaru a cikin akwatin kayan koyarwata. Na ɗan Adam ma haka yake zamewa a kan haƙarƙari, sai dai mu akwai ƙashin nan siriri da ya taso daga gindin wuya zuwa kan kafaɗa, shi kaɗai ne ya haɗa hannu da sauran ƙwarangwal. Don haka idan mutum ya ɗaga hannu sama, ba hannun kaɗai ke tashi ba, allon ma juyawa yake yi, kafaɗa ta matso kunne. Ki duba kuma ƙashin cinyar ragon, kansa mulmulalle fari sol yana sheƙi, zaune a cikin gurbinsa kamar taɓarya a turmi. Irin wannan mahaɗi ne a ƙugunki. Ba sai kin jira layya ba, ko kaza aka yanka a gida ki karɓi aikin gyaranta. Ki ja farar jijiyar nan ta ƙafar kaza ki ga yatsun sun dunƙule, wasan da muka yi muna yara. Haka hannunki yake aiki: yawancin tsokar da ke motsa yatsu tana can cikin damtse, jijiyoyi ne suka ratso wuyan hannu suna jan su kamar linzami. Tsoka ja kawai ta iya, ba ta turawa, shi ya sa suke aiki bibbiyu, ɗaya ta kumbura ɗaya ta saki.

Idan akwai wanda ya taɓa karaya a danginku, ki tambaya ko hoton ƙashin da aka ɗauke shi a asibitin ƙashi na Dala ko wani wuri yana nan a ƙarƙashin katifa. Ki ɗaga shi a jikin taga ki zana abin da kika gani. Ki kuma nemi ƙwarangwal na roba, irin wanda ake ajiyewa a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ko makarantun koyon aikin jinya, ki roƙi izinin zama gabansa awa ɗaya a mako. Ba ya gajiya, ba ya kallonki, ke ma ba kya jin nauyinsa.

Sai awo. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kakanninmu da jiki suke auna komai: taƙi, kamu, gaba, taku. Masaƙi da kamu yake auna sawaye, mai igiya da gaba. Ki tsayar da ƙanwarki a jikin bango ta ware hannuwa, ki sa alama, ki auna da tsawonta, za ki ga faɗin hannuwanta a ware da tsayinta kusan ɗaya ne. Abin da Leonardo da Vinci na Italiya ya zana ke nan wajen shekarar 1490 a hoton nan na mutum a cikin da'ira da murabba'i. Masu zane da kai suke awo. Baligi tsayinsa kai bakwai da rabi ne a mafi yawan mutane, jariri ɗan shekara guda kuwa wajen kai huɗu, shi ya sa in kika zana yaro da awon babba sai ya fito kamar tsohon da aka matse. Ido yana tsakiyar kai, rabi da rabi tsakanin tsakar ka da haɓa, duk da cewa hannun ɗan koyo kullum sama yake son kai shi. Idan hannu ya sauka, gwiwarsa tana daidai da tsukin ciki, kan yatsu kuma suna kaiwa tsakiyar cinya. Tafin hannu ya kusa rufe fuska daga haɓa zuwa goshi, ki gwada ki gani, don kusan kowa ƙanƙanta shi yake yi. Waɗannan ma'auni ne na farawa, kowane mutum kuma da inda ya saɓa musu, kuma saɓanin nan shi ne kamanninsa.

Abin da ya fi awo muhimmanci shi ne nauyi, wato ina mutum ya ɗora kansa. Ki kalli Umma idan ta tsaya a bakin murhu tana jiran ruwa ya tafasa. Ba ta tsayawa a kan ƙafa biyu daidai kamar soja. Ta saki nauyinta a ƙafa ɗaya, ƙugun wannan gefen ya ɗaga, kafaɗar gefen ta sauko, ɗaya gwiwar ta ɗan karye. In kika saki zare daga ramin gindin wuyanta, a kan sawun da ke ɗauke da nauyin zai sauka. Duk zanen da ya saɓa wannan, mai kallo zai ji mutumin faɗuwa zai yi ko da bai san dalili ba. Tsakar gidanku cike take da wannan darasi. Mai daka idan ta ɗaga taɓarya haƙarƙarinta ya buɗe, bayanta ya gantsare, in ta sauke gwiwoyi su karye, ƙugu ya ja baya. Mai goyo tana turo ƙirji gaba don ta rama nauyin da ke bayanta. Mai tuƙin tuwo, mai wanki a durƙushe, mai kitso da wadda ake yi wa. Ki sayi takarda mafi araha, ki samo gawayi ko fensir mai laushi, ki riƙa yin zanen daƙiƙa 30 zuwa minti 2, guda 20 a rana. Ba fuska, ba yatsu, ba gogewa. Dunƙule uku, layin baya, da inda nauyi ya sauka. Na farkon za su yi muni, ki ajiye su da kwanan wata a jiki, bayan mako shida ki jera su ki gani da idonki. Ki nemi yardar duk wadda za ki zana, kuma kada zanen matan gida ya fita waje ko ya hau waya ba da saninsu ba.

Bayan namiji da ƙirjinsa da kike jin nauyin kallo a aji, ai kina da ƙanne. Muharramanki ne. Ƙaninki ya dawo daga ƙwallo ya tuɓe riga yana shan iska a tsakar gida, ki saye shi da kuɗin kati ya zauna miki minti 15 ya juya baya. Ki ce ya ɗaga hannu, ya sauke, ya harɗe su a ƙirji, ki ga allunan kafaɗa suna tafiya suna dawowa. Ki ce ya sunkuyar da kai ki ga tudun gaɓa ta bakwai ta wuya ya fito a ƙasan ƙeya. Ya waiwaya, ki ga igiyar tsokar nan da ta taso daga bayan kunne ta sauka gindin wuya. Abin da kika koya a jikinsa cikin natsuwa shi za ki tafi da shi aji.

Wataƙila ki ce, ni da mutanen Kano zan zana, cikin babbar riga da hijabi, me ya haɗa ni da ƙashi? Ke ce ma kika fi bukatarsa. Tufa ba ta tsayawa da kanta, rataye take, kuma a kan ƙashi take rataya: kan kafaɗa, gwiwar hannu, ƙugu, ƙoƙon gwiwa. Daga waɗannan wurare kowace ninkewa take tasowa. Ki tuna mahayi ranar Hawan Daushe, rawani da alkyabba da manyan riguna, ba abin da ake gani sai ido da yatsu a kan linzami. In mai zane bai san inda ƙugunsa ya zauna a kan sirdi ba, da inda gwiwa ta matse cikin doki, tarin kayan wanki zai ɗora wa dokin. Tela ma da wannan sanin yake yanka wuya da hammata. Ɗaliban nan na kwalejin Zariya da suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, abin da suka tsaya a kai ke nan: a karɓi dabarar da aka koya a aji, a yi aikin gida da ita. Mu a nan har yanzu muna da ƙarancin mata masu iya zana mu yadda muke, a littattafan yara, da allunan wayar da kai na asibiti, da zanen sutura.

Game da ajin kansa, kada ki ci gaba da sunkuyar da kai kina cin maki ƙasa-ƙasa a ɓoye. Na tabbata ba ke kaɗai ba ce, ki duba cikin 'yan matan ajin, har ma da mazan, za ki sami masu jin abin da kike ji. Ku haɗu ku biyu ko uku ku sami malamin a ofis cikin ladabi. Kada ki je hannu rabbana, ki je da zanen ƙashi da na hannu da na tsakar gida da kika tara, don ya ga ba lalaci ne ya kawo ki ba. Ku roƙi abu mai yiwuwa: mutumin ya bar singiletinsa, wandon ya rufe gwiwa, ko a riƙa kawo mace cikin suturarta wasu ranakun, ko a karɓi zanen ƙwarangwal da na ɗan'uwa a gida a matsayin wani ɓangare na aikin. Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin sana'ar. A makarantun zane na Turai ɗalibi yakan daɗe yana kwaikwayon zane da gumakan farar ƙasa kafin a bar shi ya zauna gaban mutum mai rai, kuma babbar makarantar zane ta Landan da aka kafa a 1768 ba ta bar mata sun shiga irin wannan aji ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, duk da akwai mata biyu cikin waɗanda suka kafa ta. In malamin bai saurare ku ba, akwai mai kula da ajinku, akwai shugaban sashe. Kafin nan, ki zaɓi wurin zama ta gefe ko ta baya, ki miƙa hannu da fensir ki kanne ido ɗaya ki ɗauki awo, ki ajiye dunƙulenki uku, sannan ki ba kai da hannuwa da sawu ƙarfinki.

Maganar ƙawarki kuma ba zan share ta ba, don tana da tushe. Ni ba malama ba ce, ba kuma zan ba ki fatawa ba, amma zan faɗa miki abin da ya kamata ki riƙe kafin ki je tambaya. Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu sura suna cikin Bukhari da Muslim, har da wanda Abdullahi ɗan Abbas ya ce wa wani mai wannan sana'a in dole sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Akwai malaman da suka ɗauki hanin a kan kowane irin zanen mai rai, kuma a Kano za ki same su. Malaman Malikiyya kuwa sun rarrabe: abin da suka haramta shi ne cikakkiyar sura mai jiki, mai inuwa, irin gunki, zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango kuma ba su kai shi wannan matsayi ba, haka ma surar da ba ta cika ba. Malamai da dama kuma sun yi sauƙi a kan abin da ake bukata don ilimi. Wani likita Musulmi na birnin Shiraz, Mansur ɗan Ilyas, ya rubuta littafin ƙirar jiki da zanen ƙasusuwa da jijiyoyi tun ƙarshen ƙarni na 14, sama da shekara ɗari kafin masanin ƙirar jiki Vesalius ya buga nasa a Turai a 1543. Hukuncin kallo kuma daban yake da hukuncin zane: al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, kuma littattafanmu na fiƙihu sun ƙara taƙaita abin da mace za ta kalla a jikin namijin da ba muharraminta ba, shi ya sa na ce ku nemi a bar rigar. Ki je wurin malami ko malamar da kika yarda da iliminsu da tsoron Allahnsu, ki tafi da littafin zanenki, ki faɗi komai yadda yake: wa ake zanawa, me ya sa a jikinsa, don me ake yi, ina zanen yake ƙarewa. Tambayar da aka yi a dunƙule, amsarta ma a dunƙule take zuwa. Idan bayan haka zuciyarki ba ta natsu da zana cikakken mutum ba, sashenku yana da wasu rassa kamar zanen yadi da tsara rubutu da tambari, sai ki haye wannan kwas ɗin ki karkata can, ilimin ƙashin kuma ba zai zame miki asara ba.

Saura Abba, kuma wannan shi ya fi gaggawa. A nan kin yi kuskure, 'yata, ba don kin yi zane ba, sai don kin bar shi da rabin labari. Uba yana iya haɗiye abin da ba ya so in daga bakin 'yarsa ya ji, amma ya ji a bakin wani cewa an daɗe ana ɓoye masa, wannan ciwon daban ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ki sami Yayanki yau ɗin nan, ba da faɗa ba, ki ce Yaya na ji maganarka, ka ba ni kwana uku ni da kaina zan faɗa wa Abba. Sannan ki fara da Umma, ki zayyana mata komai, ita ta san lokacin da yake da sauƙin kai da lokacin da ba a tunkararsa. In akwai gwaggo ko kawun da yake jin maganarsu, a sa su a ciki. Ranar da za ki same shi, ki durƙusa ki fara da ban haƙuri kan shirun da kika yi, kafin ki kawo kowace hujja. Ki faɗa masa kwas ɗaya ne cikin kwasa-kwasai, ki faɗa masa abin da ke damunki a ajin da matakin da kika ɗauka wurin malamin, ki kuma roƙe shi ya zaɓi malamin addinin da za ku je wurinsa tare. Uban da ya ga 'yarsa ta riga shi jin kunyar abin, ta kuma riga shi neman gyara, da wuya hankalinsa bai kwanta ba. In kuma ya ce a'a, kada ki koma yi a ɓoye. Ki nemi ya bar ki ki ƙarasa zangon, a zauna da manya a duba reshen da za ki koma.

Kada ki je masa da littafin da Yaya ya gani shi kaɗai. A cikin kwana ukun nan ki zauna kusa da Hajiya Kaka, in tana raye, ko wata dattijuwar gidan, bayan sallar la'asar lokacin da take jan carbi. Ki roƙe ta ta bar hannunta a kan cinya yadda yake. Ki fara da dunƙulen tafin, sannan ki bi yatsun: kowanne gaɓa uku, babban yatsa biyu, kuma shi daga can gindin tafi yake tasowa, yana fuskantar sauran. Hannun tsofaffi ba ya ɓoye komai, jijiyoyin bayansa a fili, kan gaɓoɓin a kumbure, ga sauran lalle a farce, ga ƙwayar carbi tsakanin babban yatsa da manuniya. Ki yi shi sau uku ko huɗu, ki zaɓi wanda ya fi, shi za ki fara miƙa wa Abba. Idan kin gama ki aiko mini da hotonsa ta wannan fili, ina so in ga yadda kika yi da babban yatsan.